Darasi na Bakwai: Birnin da Ya Buga Hoton Kansa da Katako

Manufar darasi

Idan muka kammala wannan darasi, ana sa ran kowane ɗalibi zai iya:

1. faɗin yadda ake buga hoto da katako, da mutanen da hannunsu ke cikin aikin;
2. bayyana abin da ya sa sana'ar ta bunƙasa a birnin Edo na ƙasar Japan;
3. lissafa kuɗin bugu, ya ga dalilin da ke sa abu ya yi araha idan aka buga shi da yawa;
4. yi wa hoto tambayoyi huɗu kafin ya gaskata abin da ke cikinsa.

Mu fara da hatimi

Duk wanda ya taɓa zuwa ofishin magajin gari a Tasawa ko Mayahi neman takardar haihuwar ɗansa ya san yadda ake rufe aikin. Ma'aikaci zai ɗauko hatimi, ya dangwala shi a tawada, ya danna a gindin takarda. Hatimin guda ɗaya ne, amma takardun da ya hau ba su ƙirguwa. Wahalar sassaƙa shi sau ɗaya aka sha, daga nan sai dangwalawa da dannawa.

To, a ce an faɗaɗa hatimin nan ya kai girman allon almajiri, kuma maimakon sunan ofis, hoton kasuwa aka sassaƙa a kansa, da masu talla da ƴan dako har da karnuka. Abin da mutanen Japan suka yi ke nan. Sun fara sayar da irin waɗannan hotuna tun wajen shekarun 1670, fiye da shekara 150 kafin kyamara ta zo duniya.

> Bugun katako: a sassaƙa zane a kan faffaɗan katako, a shafa masa tawada, a ɗora takarda a murza, zanen ya koma kan takardar. Wurin da aka bari a tsaye shi ke ɗaukar tawada. Wurin da aka ƙwaƙule fari yake fitowa.

*Misali na 1.* Ku yanka dankali ko sabulu gida biyu, ku sassaƙa MAYAHI a kai yadda kuka saba rubuta shi, ku shafa tawada ku danna a takarda. IHAYAM za ku gani. Harufan ba su canza kama ba, domin kowannensu hagunsa da damansa ɗaya ne, jerin ne kawai ya juya. Ku gwada TASAWA: zai fito AWASAT, kuma harafin S zai juya muku baya. Saboda haka mai sassaƙa hatimi a juye yake aikinsa, kamar mai duba madubi.

Birnin Edo

Japan tsibirai ne a gabashin nahiyar Asiya. Birnin da ake kira Tokiyo a yau, sunansa Edo har zuwa 1868. A 1603 wani jarumi mai suna Tokugawa Ieyasu ya zama Shogun, wato shugaban mayaƙa, ya kafa mulkinsa a Edo. Sarkin ƙasa yana can Kiyoto da darajarsa, amma iko yana hannun Shogun, kuma zuriyar Tokugawa ta riƙe shi shekara 265.

Don kada sarakunan larduna su yi masa tawaye, Shogun na lokacin ya kafa doka a 1635: kowannensu zai yi shekara ɗaya a ƙasarsa, shekara ɗaya a Edo, matarsa da magajinsa kuwa a Edo za su zauna dindindin. Sarakunan nan sun haura 250. Ku tuna yadda gari ke cika idan hakimai suka shigo hawan salla da dawakinsu da barorinsu, sannan ku ɗauka sallar ba ta ƙarewa. Dukan jama'ar nan sai sun ci, sun sa tufa, sun sami wurin kwana. Sai kafintoci da masunta da marina da ƴan kasuwa suka yi ta kwararowa, yawancinsu maza ƴan ci-rani. Kafin tsakiyar ƙarni na 18 mutanen Edo sun kai kusan miliyan ɗaya, birnin yana cikin mafi girma a duniya.

Hukuma ta kasa jama'a kashi huɗu. Mayaƙa, waɗanda ake kira samurai, su ne a sama, sai manoma, sai masu sana'ar hannu, ƴan kasuwa a can ƙasa, wai don ba su noma komai, ba su ƙera komai. Amma albashin samurai da shinkafa ake biyan shi, kuma sai ya bi ta hannun ɗan kasuwa kafin shinkafar ta zama kuɗi. A hankali na sama ya koma cin bashin na ƙasa. Attajiri yana da kuɗi, amma ba shi da hanyar sarauta, har irin tufar da zai sa da ginin da zai yi doka ta ƙayyade masa. To ina zai kai kuɗin? Sai gidan wasan kwaikwayo, da gidan abinci, da yawon shaƙatawa a bakin kogi, da unguwar mata masu zaman kansu.

Akwai kuma gobara. Gidajen Edo na katako ne da takarda. A 1657 wata gobara ta kwana uku tana ci, ta lashe mafi yawan birnin, ta hallaka dubun dubatar mutane, kuma ba ita ce ta ƙarshe ba. Mutumin da ya san gidansa na iya zama toka kafin gari ya waye, bai cika damuwa da ajiya ba.

> Ukiyo-e: sunan da ake kiran irin waɗannan hotuna ke nan, kalmar Japananci ce. *Ukiyo* a bakin malaman addinin Buda tana nufin duniyar baƙin ciki mai gushewa. Mutanen birni suka juya ta, ta koma “duniya mai yawo a kan ruwa”, wato rayuwar nishaɗin yau. *E* kuwa hoto ne.

Mu ma muna cewa duniya budurwar wawa, amma don jan kunne muke faɗa. Mutanen Edo sun yarda duniyar ba ta da tabbas, sai suka ce tunda haka ne bari a more ta, a kuma zana ta. Wani marubucinsu na shekarun 1660, Asai Ryoi, ya kamanta irin wannan zama da gora da ruwa ke tafiya da ita. Wanda ya ga Gulbin Kaba ya kawo ruwa da damina ya san yadda gora ke yi a kansa: ba ta nutsewa, ba ta kuma san inda za ta ba.

Hannu huɗu, suna ɗaya

A jikin hoton za ku ga sunan mai zane. Amma aikin na mutum huɗu ne.

Na farko mai jari. Shi ke da shago, shi ke sanin abin da kasuwa ke so, shi ke ba da aiki ya biya kowa, kuma katakan nasa ne. Idan an ci riba tasa ce, idan an faɗi shi ya faɗi.

Na biyu mai zane. Da baƙar tawada kawai yake zana hoton, a kan takarda marar kauri.

Na uku masassaƙi, kuma a nan ya kamata mu daɗe. Zai shafa wa katakon itacen ceri ƙullun shinkafa, ya kifa zanen a kai, fuskarsa na kallon katako. Sai ya murje bayan takardar har layukan su bayyana, ya ɗauki wuƙa ya bi gefen kowane layi hagu da dama, ya ƙwaƙule duk abin da ba layi ba. Ku lura: zanen asali a nan yake mutuwa, wuƙa ta cinye shi. Idan hannun masassaƙi ya goce, ba wani zanen da za a koma wa. Fuska da gashin kai babban gwani ake bar wa, domin akwai silin gashin da kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Masu sassaƙar ƙwarya a nan wurinmu sun fi kowa sanin irin natsuwar da wannan ke bukata. Bayan katakon baƙi, kowane launi sai an sassaƙa masa nasa katakon dabam.

Na huɗu mai bugu. Zai jiƙa takarda kaɗan, wadda aka yi da ɓawon itace. Ya zuba launi da ɗan ƙullun shinkafa a kan katako, ya baza da buroshi, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da wani ɗan faifai mai kama da marfin ƙwarya, wanda aka naɗe da ɓawon itacen gora. Ba inji, ƙarfin kafaɗa ne. Idan yana son sama ta fito da duhu daga bisa ta yi haske a ƙasa, da jiƙaƙƙen tsumma da buroshi yake yin dabarar, kuma sai ya maimaita ta a kan kowace takarda.

> Kento: ƴan alamomi biyu da ake sassaƙawa a gefen kowane katako, ɗaya a kusurwa ɗaya a miƙe. A nan ake jingina bakin takarda, don ja ya sauka inda ja ya kamata, kada ya hau kan fuska.

Hotunan farko baƙi ne kawai, irin na Hishikawa Moronobu wanda ya rasu a 1694. Sai a 1765 aka fara fitar da masu launuka da yawa, ta hannun Suzuki Harunobu da abokan aikinsa. Abin da ba ya yi mini daɗi a tarihin nan shi ne, duniya ta haddace sunayen masu zane, amma yawancin masassaƙa da masu bugu ba a ko rubuta nasu ba. Haka muke yi wa babbar riga: a yabi wanda ya sa ta, a manta da wanda ya yi wata uku yana aikin allura.

*Misali na 2.* Hoto yana da katakon baƙi 1 da na launi 9, jimla 10. An saba buga kamar takarda 200 a zubin farko. Sau nawa mai bugu zai murza? 200 × 10 = 2,000. Idan ya kuskure a murza ta goma, tara ɗin da suka wuce sun tafi a banza.

Me ya sa yake da araha?

Kuɗin Edo na yau da kullum sunansa *mon*, ɗan ƙarfe ne mai huda a tsakiya, ana zura shi a igiya. Kwanon taliya a bakin titi mon 16 ne. Hoto mai launi ma bai yi nisa da haka ba, har a 1842 hukuma ta yanke cewa kada ya wuce mon 16. Ke nan ɗan dako na iya sayensa. Ana liƙa shi a bango, idan ya tsufa a sake wani. Baƙin da suka zo birni kuwa shi ne tsarabarsu, ba nauyi, ba ya lalacewa a hanya.

*Misali na 3.* A ce ƙungiyar mata masu tatsar man gyaɗa a Mayahi tana son takardar shaida da za a liƙa a jikin kwalabe. Sassaƙa hatimi jaka goma sha biyu, wato sefa 12,000. Takarda da tawada na kowace guda dala biyar, wato sefa 25.

- In sun buga 20: 12,000 ÷ 20 = 600, a haɗa da 25, kowace ta tashi 625.
- In sun buga 200: 12,000 ÷ 200 = 60, a haɗa da 25, kowace ta tashi 85.
- In sun buga 1,200: 12,000 ÷ 1,200 = 10, a haɗa da 25, kowace ta tashi 35.

Kuɗin sassaƙa bai canza ba, masu ɗaukar nauyinsa ne suka ƙaru. Shi ya sa mai jari a Edo ba ya ba da aikin abin da mutum ashirin kawai za su so. Abin da dubbai za su saya yake nema. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin da suka zana

Da fari ƴan wasan kwaikwayo na *kabuki* da kyawawan mata su ne kan gaba, kamar yadda hotunan ƴan fim ɗin Kano da ƴan kokawa suke tafiya a kasuwanninmu. Daga shekarun 1830 sai hoton wurare ya karɓe kasuwa, kuma mutum biyu ne suka yi fice.

Utagawa Hiroshige, wanda aka haifa a 1797 a gidan masu kashe gobara, ya zana babbar hanyar da ta haɗa Edo da Kiyoto, mai tsawon kusan kilomita 500 da zango 53. Hoton farko gadar Nihonbashi ce da asuba. Ayarin wani sarkin lardi ya doso kan gada da kayansa, masu tallan kifi da suka fito daga kasuwa sun raɓe gefe da kwandunansu, ga karnuka biyu a ɗaya gefen sun juya baya, ba ruwansu da sarauta. Tsarin birnin gaba ɗaya yana cikin takarda guda.

Daga 1856 zuwa rasuwarsa a 1858 ya fitar da jerin fitattun wuraren Edo, hoto 118. Biyu daga ciki sun isa mu tsaya a kansu. Ɗaya titin Suruga ne, hagu da dama duk shagon tufafi na Echigoya, wanda gidan Mitsui ya buɗe a 1673. Shagon ya yi suna da abin da ba a saba ba a lokacin: kuɗi hannu, farashi ɗaya, ba ciniki. Tambarinsa ya cika labulayen ƙofa a cikin hoton, ga Dutsen Fuji a can ƙarshen titi. Kyau kam akwai, amma wannan ai rabinsa talla ne. Ɗayan kuma unguwar marina ce ta Kanda, an shanya dogayen ƙyallaye shuɗi da fari suna kaɗawa a iska, abin da duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin karofi zai gane nan take. Idan aka ƙura ido, adon da ke jikin ƙyallayen harafin farko ne na sunan mai jari, Uoya Eikichi, da kuma tambarin Hiroshige kansa.

Katsushika Hokusai, 1760 zuwa 1849, shi ya zana babbar igiyar ruwan nan da ke shirin rufta wa jirage uku, wajen 1831. Mutane kan ɗauke shi hoton teku. Amma jiragen na masu kai ɗanyen kifi kasuwar Edo ne, saboda haka shi ma hoton cikin birni ne, ta ƙofar baya. Shuɗin da ke jikinsa kuma baƙo ne: a birnin Balin na Jamus aka haɗa shi, ƴan kasuwar Holan da na Sin suka shigo da shi ta tashar Nagasaki. Ya fi shuɗin furanni da suke amfani da shi a da daɗewa bai koɗe ba. Tun Yulin 2024 hoton nan yana bayan takardar kuɗin Japan ta yen 1,000.

Hatimin hukuma

Abin da dubban talakawa ke kallo, hukuma ba ta sakin jiki da shi. Daga 1790 sai an kai zane an duba kafin a sassaƙa, a buga masa ɗan hatimi mai nufin an amince. Da fari ƙungiyar masu jari ke dubawa, daga baya aikin ya koma hannun masu unguwa. An hana zana gidan Shogun da al'amuran mulki na lokacin.

> Tacewa: hukuma ta duba rubutu ko hoto kafin ya fita, ta hana abin da ba ta so.

Dokar ba wasa ba ce. A 1791 an hukunta babban mai jari Tsutaya Juzaburo, aka ƙwace masa dukiya saboda wasu littattafai da ya buga. A 1804 aka sa wa Kitagawa Utamaro, gwanin zanen mata, ankwa kwana 50 don ya zana wani tsohon shugaba, Hideyoshi, yana shaƙatawa. Bayan shekara biyu ya rasu. A 1842 aka hana hoton ƴan wasa da na matan unguwar nishaɗi baki ɗaya, aka kuma ƙayyade launuka kada su wuce bakwai ko takwas. Sai Utagawa Kuniyoshi ya koma zanen kyanwoyi da kifaye, amma kowace kyanwa da fuskar ɗan wasan da kowa ya sani. Habaici ke nan, da alƙalami.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne labarin hotunan tarwaɗa. A watan Nuwamba na 1855 girgizar ƙasa ta rushe Edo, dubbai suka mutu. Akwai tatsuniyarsu da ke cewa wata ƙatuwar tarwaɗa ce a ƙarƙashin ƙasa, in ta motsa ƙasa ta girgiza. Cikin ƴan kwanaki hotunan tarwaɗa suka cika gari, iri ɗaruruwa, ba hatimi, ba sunan mai zane. A wasu jama'a na jibgar tarwaɗar. A wasu kuwa kafintoci da magina na yi mata godiya, don aiki ya samu, ko kuma tana matse attajirai suna aman kuɗi talakawa na tsinta. Bayan kamar wata biyu hukuma ta hana su.

Abin da ba a zana ba

Yanzu mu dawo kan lissafinmu. Mai jari abin da zai sayu yake so, hukuma kuma abin da ba zai tayar da hankali ba. Hoton da ya tsallake waɗannan ƙofofi biyu, dole ya bar wasu abubuwa a waje.

Hiroshige ya fara jerinsa na Edo ƴan watanni bayan girgizar ƙasar nan, amma ba za ku ga kango a ciki ba. Matan unguwar nishaɗi ta Yoshiwara kuwa, wadda hukuma ta ba izini a 1617, a hoto suna cikin alharini kamar ƴaƴan sarki. A zahiri yawancinsu ƴaƴan matalauta ne da iyaye suka miƙa tun suna ƙanana a kan bashi, da yarjejeniyar shekara kamar goma. Unguwar tana kewaye da ganuwa da rami, ƙofa ɗaya gare ta, ba su fita sai da izini. Da yawa cuta ta kashe su tun da ƙuruciya. Mai zane bai yi ƙarya ba, akwai alharinin. Amma bai faɗi wa ke bin bashinsa ba.

Mu a wancan lokaci

A watan Janairu na 1851, lokacin Hiroshige na tsakiyar aikinsa, wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a Tasawa daga Damargu tare da abokinsa Overweg. Daga nan Overweg ya nufi Gobir da Maraɗi, shi kuwa ya bi ta Gazawa da Katsina, ya shiga Kano a farkon Fabrairu. Ya rubuta abin da ya gani, ya kuma yi zane-zane. Da ya koma Turai, wani mai zane, Bernatz, wanda bai taɓa ganin Kano ba, ya gyara zanen aka buga da launi, a kan dutse maimakon katako. A ciki akwai hoton Kano daga kan Dutsen Dala. Littafin ya fito cikin juzu'i biyar a Landan da Gota a 1857 da 1858, daidai shekarun da ake sayar da hotunan Hiroshige a titunan Edo.

Ku dubi bambancin. Hoton Edo ɗan gari ne ya zana, ɗan gari ya buga, ɗan gari ya saya da kuɗin taliya. Namu baƙo ya zana, baƙo ya gyara, baƙo ya saya. Wannan ba ya nufin kakanninmu ba su da zane. Suna da zayyanar allo, da adon bangon soro irin wanda ake gani har yau a unguwar Birni ta Damagaram, da aska takwas a ƙirjin riga, da sassaƙar ƙwarya. Sai dai hannunsu ya fi karkata ga ado fiye da siffar mutum, labarin gari kuwa a bakin maroƙa da mawaƙa da alƙalamin malamai aka ajiye shi. Wanda ke son ya ga kamannin kasuwar ƙasar Hausa ta wancan zamani da ido, yawanci sai ya ara idon baƙo.

Su ma hotunan Edo daga baya sun faɗa hannun baƙi. Bayan jiragen yaƙin Amurka sun tilasta wa Japan buɗe tashoshinta daga 1853, hotunan suka kwarara Turai. An nuna su a babban baje-kolin Faris na 1867. A 1887 mai zanen Holan Van Gogh ya kwaikwayi hoton Hiroshige na mutanen da ruwan sama ya rutsa da su a kan gada. A gida kuwa kyamara da injin ɗab'i suka karɓe kasuwar.

*Misali na 4.* Ku ɗauki kalandar da ke rataye a shagon tela ko wurin mai shayi, mai hoton sabon titi ko gonar gero kore shar. Ku yi mata tambayoyi huɗu.

- Wa ya yi ta? Ku duba can ƙasa, galibi akwai sunan maɗaba'a.
- Wa ya biya? Idan kyauta aka raba, tambarin wanda ya biya yana jiki: kamfanin waya, ko mai sayar da taki, ko ɗan takara.
- Wa ya yarda ta fita, kuma me ba zai yarda a sa ba?
- Me aka bari a waje? Gonar da aka ɗauka a watan Agusta ba ta nuna halin rumbu a watan Mayu.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa masassaƙi ke aikinsa a juye? Rubuta yadda sunan garinku zai fito idan aka sassaƙa shi a miƙe.
2. Wace doka ce ta 1635 ta cika Edo da jama'a, kuma me Shogun ke tsoro?
3. Ƴan kasuwa ne a ƙasan jeri, amma su ke da kuɗi. Yaya aka yi haka?
4. Faɗi aikin kowane ɗaya daga cikin mutum huɗun da ke fitar da hoto. Wane ne katakan ke hannunsa?
5. Mene ne amfanin kento?
6. Hoto mai katako 8, za a buga takarda 200. Sau nawa za a murza?
7. Hatimi sefa 9,000, takarda da tawada sefa 20 kowace guda. Nawa kowace za ta tashi idan aka buga 300? In aka buga 30 fa?
8. Me ya sa kafintoci ke gode wa tarwaɗa a hotunan 1855?
9. Kawo abu biyu da hotunan Edo ba su nuna ba, da dalili.
10. Aikin rukuni: ku zaɓi wuri ɗaya a garinku, ko tasha, ko kasuwar dabbobi, ko bakin rijiya. In za ku buga hotonsa guda 200 ku sayar ran kasuwa, me za ku sa a ciki, me za ku bari, kuma wa zai iya ɓata rai in ya gani?